Shatar jirgin ruwa zuwa ƙananan tsibiran Zanzibar da iyali

“Assalamu alaikum Malam. In Allah ya yarda za mu je Zanzibar a hutun watan Agusta, mu 9: ni da maigidana, da mahaifiyarsa, da ƙannensa mata biyu, da yaranmu huɗu, ƙaramin shekararsa 3. Muna son mu ware yini guda mu shiga teku mu ga ƙananan tsibiran nan da ake nunawa a hoto. Maigida ya ce mu ɗauki shatar jirgi mu kaɗai, don kada a cakuɗa mu da baƙi masu shigar da ba ta dace ba. Ni kuma tsoro nake ji, domin duk cikinmu shi kaɗai ya iya ruwa, shi ma a kogin garinsu ya koya. Hajiya, mahaifiyar tasa, kuma tana fama da ciwon gwiwa. Shin shatar ta cancanci kuɗinta? Wane tsibiri ya dace da mu? Kuma ta yaya za mu gane jirgi mai aminci?”

Wa alaikumus salam. Allah ya nuna mana lokacin, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Tambayoyi uku kika jero, amma in na karanta saƙonki daidai damuwar guda ce: kina son iyalinki su ga teku cikin sutura da kwanciyar hankali, da yamma kuma ki ƙirga su ki same su cif yadda suka fita. Na daɗe ina shirya wa iyalai daga Kano da Kaduna da Yamai irin wannan fita a gaɓar yammacin Unguja, wato babban tsibirin da mutane ke nufi in sun ce Zanzibar, kuma yawancinsu kamar ku suke, ga tsohuwa ga ƙananan yara, ba wanda ya taɓa sa ƙafa a ruwan gishiri.

Maigida ya yi gaskiya, ku ɗauki shata. Sai dai dalilin da ya kawo shi ne abin da shatar ba za ta iya cika muku duka ba, kuma gara ku san haka tun kuna gida.

## Abin da kuɗin shata ke saya

Jirgin haɗaka kamar motar tasha yake. Kowa ya biya kuɗin kansa, a tashi in an cika, a dawo lokacin da aka yanka wa kowa. In ƙaraminku ya fara amai minti 10 da tashi, ko Hajiya ta ce ita fa ta gaji, babu mai juya jirgi dominku, sai dai a ba ku haƙuri. Wasu jiragen ma akwai giya a kula, ga kiɗa, abin da na san ba shi ya kawo ku ba. A shata kuwa ku ke da lokacin tashi, ku ke faɗin mutum nawa za a ɗora, kuma kuna da bakin cewa “mu koma” ko a tsakiyar hanya. Ga iyalin da ba su iya ruwa ba, wannan na ƙarshen kaɗai ya isa ya fanshe kuɗin. Ta fuskar aljihu ma, ku 9 ne. In kika ninka kuɗin mutum ɗaya sau 9, sau da yawa za ki ga bai yi nisa da kuɗin jirgin sukutum ba.

Tsibirin dai ba ya cikin cinikin. Jirgin naku ne, amma rairayin da za ku sauka na kowa ne. Wuraren da kike gani a hoto fes babu mutum, in rana ta take za ki tarar da jirage sun yi sahu a bakinsu, kowa da rumfarsa, ga hayaƙin gashin kifi, ga baƙi da irin shigar da maigida ke gudu. Duk wanda ya rantse miki cewa ku kaɗai za ku kasance a wurin da aka san shi, ciniki yake nema. Keɓewa da sammako ake samun ta, da kuma matuƙin da ya san lokacin da jama'a ke zuwa ya kauce masa. Matuƙin nan, nahoda suke ce masa a can, shi ne ainihin abin da kuke ɗauka haya. Jirgi katako ne da inji.

## Ruwa da iska su ke yanka lokaci

A nan zan ɗan daɗe, domin a nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Mu 'yan tudu kogi muka sani: ya cika da damina, ya janye da rani. Teku kuwa yana yin daminarsa da raninsa sau biyu a kowace rana. Ya yi kimanin awa 6 yana cikowa, ya yi kimanin awa 6 yana janyewa, lokacin kuma kullum yana matsawa gaba da wajen minti 50. A Zanzibar abin ba kaɗan ba ne, akwai kwanakin da tsakanin cika da janyewa kan kusa mita 4, ya fi tsayin ɗaki. Wurin da kika shimfiɗa tabarma da hantsi, kafin la'asar jirgi zai iya bi ta kansa.

Wata ne ke jan ruwan, don haka kalandar Musulunci da ke rataye a ɗakinki ta fi takardar talla amfani wajen zaɓen rana. A kwanakin farko na wata, da kuma wajen 14 zuwa 17 ga wata, ruwa kan cika maƙil ya kuma janye da nisa. Masunta na can suna kiran kwanakin bamvua. A wajen 7 zuwa 9, da 22 zuwa 24, motsin kaɗan ne, suna ce masa maji mafu, wato mataccen ruwa. A kwanakin bamvua janyewar kan faɗo da hantsi, sai tudun rairayi su fito da faɗi, fari fat, daidai lokacin da kuke so. Amma bayan azahar ruwan yakan dawo da gudu, yana da ja. A kwanakin mataccen ruwa kuwa jan ba shi da ƙarfi, sai dai da safe ruwa yana sama, tudun da kuka biya kuɗi don ku gani ƙila ki same shi bai fi faɗin tsakar gida ba. Ana buga jadawalin cika da janyewar ruwa na tashar Zanzibar, kuma ana samunsa a intanet. Ki duba na kwanakin da za ku yi a can kafin ku tsayar da rana, sannan ki tambayi nahoda ƙarfe nawa ruwa zai janye ranar. In ya tsaya inda-inda, ki nemi wani.

Sai iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, sunanta kaskazi. Daga Maris zuwa Mayu babbar damina ce, masika. Bayanta sai kusi, iskar kudu, wadda ta fi ƙarfi, kuma Yuli da Agusta tsakiyarta ne. Ke nan hutunku ya faɗo a lokacin da gari ke da sanyi-sanyi mai daɗi, ba ruwan sama sosai, amma teku ba ya kwanciya yini guda. Da sassafe yakan yi luf, in rana ta karkata sai iska ta taso. Gaɓar yamma, inda tsohon birnin Zanzibar, wato Stone Town, yake, tana da sauƙi domin jikin tsibirin ya tare mata babban teku, duk da haka dawowar yamma ba irin tafiyar safe ba ce.

Na koyi wannan da tsada. Shekarun baya, a watan Yuli, na raka wani iyali zuwa tsibirin Changuu. Wajen ƙarfe 1 na ga nahoda ya miƙe tsaye yana kallon kudu, inda ruwa ya fara yin fari-fari a sama. Ya ce, “Twende,” wato mu tafi. Yara suna tsakiyar wasa, mai gidan ya roƙi a ƙara musu awa guda, ni kuma na goyi bayansa, a ganina shi ya biya. Nahodan bai yi gardama ba, ya koma ya zauna a gindin inji. Ba mu tashi ba sai bayan ƙarfe 2 da rabi. Tafiyar da muka yi cikin minti 25 da safe ta ci mana fiye da awa guda. Jirgi ya hau igiya ya faɗo, ruwa ya watso mana ta gaba, yaron jirgi yana durƙushe yana kwarfe shi da yankakkiyar jarka bai ɗago kai ba har muka iso. Kakar yaran ta riƙe wuyan hannuna tana maimaita addu'ar Annabi Yunusa, sai da muka sauka na ga shatin farcenta a fatata. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma yarinyarsu 'yar shekara 6 ba ta sake yarda ta kusanci bakin ruwa ba har suka bar ƙasar. Laifin nawa ne, ni da na san ruwan. Tun daga ranar, duk wanda zan shirya wa fita ina faɗa masa tun a tudu: kai ke da ikon cewa a koma da wuri, nahoda ke da ikon hana a ƙara lokaci. Kuma nahodan da duk abin da ka ce sai ya ce to, ni ba na ba shi iyali.

## Wane tsibiri

Changuu shi ne na farko da zan zaɓa muku. A takardun talla Prison Island ake rubutawa, amma sunansa na asali daga wani kifi ne da ya yi yawa a ruwan wurin. Bai kai kilomita 6 daga tsohon birni ba, ta arewa maso yamma, tafiyar minti 20 zuwa 30, kuma ƙarami ne, tsawonsa wajen mita 800. Tarihinsa yana da ɗaci. A shekarun 1860, zamanin Sarki Majid, 'yan kasuwar bayi sun riƙa tsare bayin da suka ƙi yin biyayya a can. A 1893 Lloyd Mathews, Baturen Ingila da ke riƙe da muƙamin babban ministan sarkin, ya saye shi don a gina kurkuku. An gama ginin amma ba a taɓa kulle fursuna a ciki ba, sai aka mai da wurin na killace matafiya saboda cututtuka irin su shawara. Abin da yara za su tuna kuwa kunkuru ne. A 1919 gwamnan Ingila na tsibiran Seychelles ya aiko da kyautar manyan kunkuru 4, suka hayayyafa. Akwai wanda ya kai kilo 200, wasu an rubuta shekarunsu da fenti a bayansu, sun haura 100. Ku hana yara hawa kansu, kuma ku kula da yatsun ƙaramin in ana ba su ganye. Ni abin da ya sa na fifita Changuu shi ne Hajiya: akwai inuwa, akwai wurin zama, akwai banɗaki. Kuɗin shiga daban ake biya.

Nakupenda shi ne farin rairayin nan da ruwa shuɗi ya kewaye, wanda nake zaton hotonsa ne ya ja hankalinku. Sunan na nufin “ina son ki”. Tudun rairayi ne kawai, tafiyar kamar minti 20 daga gari, ruwa na shanye shi in ya ciko. Babu itace ko ɗaya, babu ruwan sha, babu inda za a kewaya, inuwarku ita ce tamfol ɗin da 'yan jirgi za su kafa. Yana da kyau ƙwarai, ba na musun wannan, na sha ganin dattawa sun sauka sun yi shiru suna tasbihi. Amma awa 2 ta ishe ku. Ki kula da ƙarshen tudun ta kowane ɓangare, a nan ruwa ke da ja kuma zurfi ke farawa ba sallama. Yara su zauna da rigar ruwa, wadda ke hana nutsewa, a jikinsu ko suna wasan ƙasa.

Akwai fita ta yini guda a Menai, yankin da aka keɓe don kare halittun ruwa tun 1997, inda ake tashi daga ƙauyen Fumba a kudu maso yamma, a ci abinci a tsibirin Kwale, inda wata tsohuwar kuka ta kwanta a ƙasa ta ci gaba da rayuwa. Na fi son wannan fitar da duk sauran, amma ba da Hajiya da ɗan shekara 3 ba. Yinin yana da tsawo, kuma in ruwa ya janye a Fumba sai an yi tattaki mai nisa cikin ruwa da duwatsu kafin a kai ga jirgi. In ƙannen maigida sun matsa, a ware musu wata rana da shi.

Mnemba, a arewa maso gabas, ku bar shi. Ba a yarda baƙi su sauka a kan tsibirin ba, a ruwa ake tsayawa masu iyo su faɗa su kalli kifi, kuma ɓangaren babban teku ne. Tsibirin Chumbe yana hannun masu kula da murjanin wurin, ta wajensu kaɗai ake shiga, ba jirgin shata. Tseren bin dolfin a ƙauyen Kizimkazi ma ba na ku ba ne. In kun je Kizimkazi ku je a mota, ku ga tsohon masallacin da ke ɗauke da rubutun shekara ta 500 bayan Hijira, daidai da 1107.

## Jirgin da nahodansa

Za a nuna muku iri uku. Ngalawa kwalekwalen masunta ne da aka sassaƙa daga itace guda, da katako biyu a gefe suna tallafe shi, wannan ku kalla ku wuce. Akwai jirgin gudu na roba mai ƙarfi, yana da sauri amma a kan igiya dukan ƙugu yake yi, tsohuwa ba za ta gode muku ba. Ku nemi jirgin katako mai faɗin ciki, mai rufin inuwa da inji a baya. Ba ya sauri, amma yana zaune a ruwa.

Kada ku yi ciniki da hoto. Maigida ya je da yammacin jajiberin fita ya ga jirgin da idonsa, ya gaisa da wanda zai tuƙa, ya ɗauki hoton sunan jirgin da lambarsa, domin gobe a tabbata shi ɗin ne aka kawo. Ya nemi ganin takardar hukumar kula da sufurin ruwa ta Zanzibar da adadin fasinjan da aka yarje masa. Ya leƙa ƙasan jirgin. Jirgin katako ba ya rasa ɗan tsatsafa, amma in ya ga ruwa ya taru har ya rufe katakon taka ƙafa alhali jirgin a tsaye yake, ya yi sallama ya tafi. Ya tambayi jarkar mai ta ko-ta-kwana, da anka, wato ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi in inji ya mutu, da abin da za a yi in injin ya ƙi tashi: akwai na biyu, ko akwai wanda za a kira a waya? Ma'aikata kada su gaza biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na lura da ku. Saboda gwiwar Hajiya ya tambayi tsani, domin yawanci daga rairayi ake hawa, a shiga ruwa zuwa gwiwa sannan a taka. Ita ta fara hawa, jirgi a riƙe, maza biyu na tallafe da ita, ta zauna a tsakiya inda girgiza ta fi sauƙi.

Rigar ruwa, wato rigar nan mai kumfa da ke hana mutum nutsewa, ita ce abin da ba na sassauci a kansa. A fito da 9 a ƙirga a gabansa, a gwada maɗaurin kowace. Na sha ganin tarin riguna a ƙarƙashin benci waɗanda rana da gishiri suka cinye, ka ja igiya ta tsinke a hannunka. Matsalar da ta fi yawa ita ce ta yara. Rigar babba a jikin yaro ba ta da amfani, da ya faɗa ruwa za ta haye ta fice ta kansa. A sa wa ƙaraminku, a ɗaure, a kama kafaɗun rigar a ɗaga shi. In ta haye har kunnuwansa, ta yi masa yawa. Ta ƙananan yara ta gari tana da igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu. In kina da hali ki sayi ta ƙananan biyun ki sa a akwati tun daga gida, ba ta da nauyi. Kuma a tudu ake sawa, kafin a hau, kowa da kowa, har maigida. Iyo a kogin garinsu daban yake da iyo a igiya, balle mutum na ƙoƙarin riƙe yaro da hannu guda.

Tsoronki ba abin kunya ba ne, mun ga abin da ruwa ke yi. Mutanen Kano ba su manta da ɗaliban Islamiyya da suka rasu a Bagwai a 2021 ba, haka hatsarin Patigi a 2023 da ya ci fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki. Zanzibar ma tana da nata tabon: jirgin Spice Islander da ya nutse a Satumban 2011 a hanyar Pemba, da jirgin Skagit a Yulin 2012, a tsakiyar kusi. In kika bi labaran za ki ga abubuwan da ke maimaituwa: lodi fiye da ƙima, ko tafiyar dare, ko fita cikin iska, ga ƙarancin rigunan ruwa. Duk waɗannan a shata kuna da ikon hana su, muddin ba ku ji nauyin magana ba. In da safe kuka ga an ɗoro wasu mutum biyu wai 'yan'uwan nahoda ne za a rage musu hanya, maigida ya ce a'a cikin mutunci.

## Ciniki

A bakin ruwan tsohon birni, kusa da lambun Forodhani, 'yan kamasho za su tare ku tun kafin ku buɗe baki. Mutanen gari papasi suke ce musu, wato kaska. Da yawansu neman halal suke, amma jirgin ba nasu ba ne, kuma in abu ya lalace ba za ku sake ganinsu ba. Ta hannun masaukinku ko kamfani mai lasisi da ofis ya fi tsada, amma akwai wanda za ku kama. Ba zan yanka miki farashi ba, domin yana hawa da sauka da kakar baƙi da kuɗin mai. Ku ji bakin mutum uku, wanda ya faɗo ƙasa da sauran da nisa ku tambayi kanku me ya cire.

Duk abin da aka yi yarjejeniya a rubuta shi a WhatsApp, ya amsa: kuɗin na jirgi ne duka ko na kai ɗaya, wuraren da za a tsaya, kuɗin shiga Changuu da harajin wuraren da aka keɓe suna ciki ko a'a, tamfol da tabarma da ruwan sha, babu giya, babu ƙarin fasinja, da abin da za a yi in iska ta hana fita, a ɗage ko a mayar da kuɗi. Ku ba da kafin alƙalami kaɗan, ciko sai kun dawo tudu. Ku tanadi shilin Tanzaniya a hannu don ƙananan biya da ɗan goron 'yan jirgi. Inshorar da gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun 1 ga Oktoban 2024, wadda aka fara da dala 44, ku ajiye takardarta a waya da lambar kiran da ke jiki.

Ga wani tarko da ba a cika faɗa ba. Masu Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe shi ne awa ɗaya a wajensu, ƙarfe 8 kuma saa mbili, awa biyu. Na san iyalin da aka faɗa wa “biyu”, suka yi zamansu a masauki sai ƙarfe 2 na rana, alhali nahoda na bakin ruwa tun 8 na safe yana jira, ruwa ya ciko, tudu ya nutse, ranar ta tafi. A rubuta lokacin da lamba, 8:00 na safe, a nuna masa a fuskar agogo. Ki kuma tabbata wayoyinku sun koma lokacin can, wanda ya wuce na gida da awa 2.

## Sutura, salla da abinci

Atamfa da dogon hijabi in suka jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa. Ku sa wando a ciki, da riga doguwa marar nauyi, da hijabi gajere da za a cusa cikin rigar ruwa. Mayafi mai kaɗawa kada ya kusanci inji. Ba wanda zai kalle ku don kun shiga ruwa da kaya, matan ƙasar ma haka suke shiga, kuma galibin 'yan jirgin Musulmi ne. In maigida ya gaya wa nahoda mata za su ɗan jiƙa jiki, zai ja yaransa su koma can gefe ba sai an maimaita ba. Kowa ya sa takalmin roba mai rufi, akwai wata halitta baƙa mai ƙaya kamar bushiya da ke lafewa tsakanin duwatsu, ƙayarta na karyewa a tafin ƙafa.

Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin sananne ne. Abin da zai ba ku mamaki alƙibla ce: mun saba fuskantar gabas, a Zanzibar kuwa arewa ake kallo, domin Makka kusan saitin arewa take da tsibirin. Azahar na shiga wajen 12 da rabi. Hukuncin haɗa salla ko yin ta a cikin jirgi ku tambayi malaminku, ni dai nakan tsara fita yadda salla za ta same mu a tudu.

Abincin da aka saba gasawa kayan teku ne, har da pweza, wata halittar ruwa mai hannaye takwas, kuma na ga yadda mutanenmu da yawa ke janye hannu in an ajiye shi. Ku faɗa tun jajiberin fita in kifi da shinkafa kuke so. Da safe a karya da abu marar maiƙo, a riƙe citta a jaka, wanda ya fara jin tashin zuciya ya kalli nesa inda sama ta haɗu da ruwa, ya daina kallon waya. Maganin hana amai ga ɗan shekara 3, ko ga Hajiya in tana shan wasu magunguna, wannan maganar likitanku ce kafin ku taso.

Da ni ke shirya muku, zan sa fitar a rana ta biyu ko ta uku da saukarku, don in nahoda ya ce yau ba dama a sami gobe, kuma zan nemi ranar da ruwa zai janye tsakanin ƙarfe 10 da 11. Yawancin jirage Changuu suke fara zuwa, su tafi Nakupenda cin abincin rana. Ku sai ku juya tsarin. Ku tashi ƙarfe 8, ku sauka a Nakupenda rairayi bai yi zafi ba, jama'a ba su iso ba, mata su shiga ruwa su sake, yara su sha kankana da abarba a ƙarƙashin tamfol. Da kun hango jirage sun fara tahowa, wajen 10 da rabi, ku naɗe tabarma ku nufi Changuu, Hajiya ta sami inuwa da banɗaki, yara su ga kunkuru. Kafin ƙarfe 1 ku kamo hanyar gari, ku yi azahar a ɗaya daga masallatan tsohon birni, ku ci abincin rana a zaune a tudu.